Tekun da Aka Aiko Mini

Ƙarfe biyu da kwata.
Janareton gidan Alhaji Nadabo ya yi tari sau biyu ya mutu,
Gyaɗi-Gyaɗi ta yi tsit,
sai tirela jefi-jefi a titin Zariya.

Na juya matashi ya fi a ƙirga.
Na sha na'a-na'a, na sha zuma da ruwan ɗumi,
na karanta, na tofa a tafi, na shafa.
An ce barci ɓarawo ne.
To nawa ɓarawon ya tuba.

Sai na laluba waya.
Mu huɗu ne, 'yan gadin dare ba albashi,
ko a hanya muka yi karo ba mai gane wani.
Rifkatu tana Jos, a ɗakin haihuwa,
tana ƙirga mana jarirai:
"Uku zuwa yanzu,
ɗaya ya fito da hannu a dunƙule kamar mai bin bashi."
Mudassir na Sakkwato ya ce karatu yake,
mun san ƙarya ne, shayi yake dafawa.
Sai Baba Sidi a Takoradi,
mai gadin katako a bakin ruwa,
da Hausarsa ta zango mai lanƙwasa,
shi ne ke fara tambaya kullum:
"Barira, yau ma?"

Yau ma, Baba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan
da Yaya Tasi'u ya tafi da ni Kwatano
saro leshi don shagonmu na Kwari.
Kwana biyu a mota, ƙafafuna suka kumbura.
Da muka wuce Seme ya roƙi direba ya tsaya,
ya ce in sauko in ga abu.
Ni da na ɗauka daga Tiga ruwa ya ƙare.
Na tsaya ina neman ƙetare, babu ƙetare.
Ruwan ya taho da gudu kamar an aiko shi,
ya lashi ƙafata, ya koma da silifa ɗaya.
Na kamfata na kai baki.
Na ce, wace ce ta zuba gishiri haka ba ta ɗanɗana ba?
Yaya ya yi dariya har ya zauna a yashi,
hularsa ta faɗi,
wata mai kwakwa ta taya shi ba ta san dalili ba.

Daren nan a kan dilar kaya na kwanta,
ga sauro, ga ƙarnin kifi,
ban farka ba sai da hantsi.

Yanzu Yaya yana Tarauni, ƙarƙashin darbejiya.
Shagon kuwa an raba.
Silifar da ta rage tana cikin akwati,
ban san me nake jira da ita ba.

Ban taɓa gaya musu duk wannan ba.
Na dai ce, Baba Sidi,
in ba nisa, ɗauko mini ƙarar ruwan nan.

Shiru, minti ashirin.
Har na ce na takura wa tsoho.
Sai ga saƙon murya, minti huɗu da ɗoriya:
takunsa a tsakuwa,
haki,
wani yana magana da yaren da ban sani ba,
sannan shuuu,
sannan shuuu.

Gaskiya a waya
ya fi kama da ƙosai a cikin mai.
Rifkatu ta ce rediyon kakanta ne.
Mudassir ya turo dariya.
Ni kuwa na sa wayar ƙarƙashin kunne,
na maimaita,
na maimaita,
ina jiran wurin nan, kusa da ƙarshe,
inda Baba ya manta yana ɗauka
ya ce wa kansa a hankali, "Kai, ruwan nan da sanyi."

Ban ji kiran farko ba.
Ladanin masallacin layinmu ne ya tashe ni,
waya ta mutu,
kumatuna da shatin ta,
bakina da ɗan gishiri.